Ijtihadina a Kan Ƙotar Adaka

Masana tarihi sun ruwaito cewa Sarkin Kano Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga a fada. Kuma har yau duk wanda ya tsaya kallon Hawan Daushe, ya ji adaka ta tashi, hayaƙin albarushi ya turnuƙe, dawaki suna zabura, da wuya ya koma gida wata sha'awa ba ta ɗarsu a zuciyarsa ba. Tawa sha'awar ita ce in mallaki irin ta mutanen da, in rataye a zaure domin ado. Saboda haka na sa wani tsohon maƙeri ya ƙera mini bututu toshe, da kunama, da zobban tagulla, da farantin da ake lulluɓe gindin ƙota da shi. Da ya ce in bar masa haɗawar, sai na ga ai wannan mas'ala ce wadda mai ilmi zai iya ijtihadi a cikinta, na kwashe kayana da guntun madacina, na yi gida.

Ƙa'idar aikin kuwa, a baki, ba ta da wahala: a kanga ƙarfen bisa harshen fitila har ya yi baƙi, a danna shi jikin itacen, duk inda baƙin ya taɓa nan ne tudu, sai a shafce shi da kurfi sannu a hankali, har ƙarfe ya zauna daram. Illa iyaka farantin nan lanƙwasasshe ne, ga shi kuma da taurin kai, ta yadda in na rage dama sai hagu ta ɗaga, in na bi hagu da magagari sai sama ta buɗe baki, ni kuwa, da yake adalci wajibi ne, ina ta raba musu hukunci daidai wa daida, kamar biri mai rabon gurasa, ɓawon madaci yana taruwa a ƙafafuna.

Ana cikin haka aka kira la'asar, na share gumi da bayan hannu, na ruga masallaci da tsohuwar alwalata. Bayan sallama ladan ya ƙura wa goshina ido, ya ce, "Masha Allahu, Malam, lalle kana raya dare." Na karɓi shaidar da tawali'u.

Akwai kuma wata haƙiƙa wadda ƙiyasina bai hango ba, wato ƙota tana sirancewa ne yayin da ake matsawa wajen kunama; don haka ranar da farantin ya yarda ya zauna, sai ga shi ya fi mazauninsa faɗi ta kowace kusurwa, gefensa yana yankar riga.

Na naɗe abin a buhu, na kai maƙera da almuru. Tsohon ya auna daga kunama zuwa gindi, taƙi ɗaya bai cika ba. Ya jima yana tauna goro, sa'an nan ya kira jikansa, wanda bai fara azumi ba, ya ɗora masa a kafaɗa.

"Malam, ashe wa yaron nan ka yi?"

"Baba, tana gyaruwa?"

"Ƙwarai. Kawo wani madacin, da kuɗin haɗawa, da na ta'aziyyar wannan."