Janar Mai Usur a Ƙirji

Taubashina, Janar na gindin mangwaro, ina gajiyar bikin Uhola? Labari ya iso mini tun kafin ka kai gida. Wai ƙura ta turnuƙe, 'yan golmo na cashewa, kai kuma ka jingina da katangar mutane, ƙirji na kuka kamar usur ɗin alƙalin wasa. Abin shaƙarka na aljihu, amma ka ƙi zaro shi, wai kada samari su gani. Ikon Allah! Zuru ta haifi su Janar Sani Sami da Ishaya Bamaiyi, da ta zo kanka sai ta haifi mai jin kunyar ɗan gwangwanin da bai wuce tsawon yatsa ba.

Da aka yi maka magana ka ce ai asma ciwon mata ne. To, ka ci rabin gaskiya, ban hana ka ba. A yarinta maza ta fi kamawa, sai bayan balaga ta fi yawa ga mata, takan ma fi tsananta musu. Taka kuwa tun kana yawo ba wando take tare da kai, ni ce shaida.

Dubi uwargida, baiwar Allah da aka jarraba da kai. Ita ke shan hayaƙin murhu, ita ke shan ƙaiƙayi ranar sheƙar dawa, amma safe da dare sai ta shaƙi nata mai ruwan ƙasa, wanda ke kwantar da kumburin hanyar numfashi tun bai tashi ba, ta kuskure baki ta kama harkarta. Kai shuɗin nan Ventolin kaɗai ka sani, mai buɗe hanya na 'yan awoyi, shi ma sai ruwa ya kai maka wuya. Fesawar ma abin kallo ce. Ba girgizawa, ba fitar da numfashi tukuna, sai fit-fit a kan harshe kamar ango da turare. Ana ja ne a hankali, a riƙe numfashi wajen daƙiƙa 10. Na sani, nan gizo ke saƙa, bakinka bai taɓa yin shirun daƙiƙa 10 ba.

Wai kuma in mutum ya fara sai ya saba. Ba ya sa jaraba, ranka ya daɗe. Goro ne ke sawa, ga haƙoranka nan.

Hunturu bai tafi ba, ran kasuwa ina nan tafe. Ka tanadi kuɗin sharata na bara, kada ka ce numfashi ya hana ka ƙirgawa.