Wasiƙa daga Winifeg zuwa ga taubashina bakanike

Taubashi sarkin sufana,

Ina fatan kana lafiya, kai da Inna da yaran gareji, da uwargida mai haƙuri da ƙaurin baƙin mai. An ce mini hunturun bana ba ka wanka sai azahar, alhali sanyin Kano bai taɓa daskarar da ruwan buta ba. Mu nan Winifeg ta Kanada, a watan Janairu ma'auni kan sauka digiri 30 ƙasa da sifili. Motoci da yawa za ka ga igiyar lantarki na leƙowa ta gabansu, da dare a jona ta a bango don injin ya kwana da ɗumi.

Ƙararka na kawo maka, ka gyara zama.

Motar da nake rabon kaya da ita ta kamu da cutar da ba a taɓa kawo maka irinta ba: ta ƙi yin zafi. Allura ta kwanta ƙasa. In na tsaya a danja ta ɗan ɗaga kai, da na hau babban titi ta koma ta kwanta. Hita ba ta ba da komai sai iska mai ɗumi-ɗumi, gilashi ya ƙi washewa, ga shan mai ya ƙaru. Daga baya fitilar injin ta kama, na'ura ta nuna P0128, wato ruwa bai kai zafin da ake so ba.

Bakaniken nan bai fara da guduma ba, ka ji bambancinku. Ya auna zafin injin da wata 'yar na'urar hannu don ya tabbatar allura ba ƙarya take yi ba. Ya duba fanka, ya ga ba ta gudu babu dalili. Sai ya bari injin ya huce sarai, ya tayar, ya dafa tiyon sama na lagireto. Lafiyayyar mota, tiyon nan zai zauna da sanyi na ɗan lokaci, sannan ya ɗauki zafi gaba ɗaya. Nawa kuwa tun farko ya fara ɗumi a hankali. Aka kwance, sai ga tamostat ya maƙale a buɗe. Aka tsoma shi a tukunya tare da sabo: sabon yana rufe har ruwa ya kusa tafasa, tsohon ko a ruwan sanyi bakinsa a wangale.

Taubashi, ka gane shi? Shi ne ɗan ƙarfen da kake zarewa daga kowace motar Beljiyam, ka wurga bayan gareji kana cewa na ƙasar sanyi ne, sannan ka haɗa fanka darek ka karɓi kuɗin aiki har da godiya. To, mai gadin ƙofa kake kora. Akwai kaki a cikinsa. In ruwa ya kai wajen digiri 88 kakin ya kumbura ya buɗe hanya zuwa lagireto, in ya huce ya rufe. Injin kuma wajen digiri 90 yake so, a Winifeg yake ko a Ƙofar Ruwa. Muddin bai kai ba, kwamfutar mota za ta yi ta ƙara masa mai, danshi ya taru a baƙin mai, ringi ya ci da wuri. Motar da ke tafasa a Kano, nemi laifin a lagireto da ruwan rijiya ya toshe, ko murfinsa, ko famfon ruwa.

Wasu direbobi nan kwali suke cusawa gaban lagireto. Yana ɗan taimako, amma wanda ya manta da shi har zafi ya shigo sai injin ya tafasa masa a hanya. Ni sabon tamostat aka sa mini, aka zuba ruwan hana daskarewa rabi da rabi, wanda ke jure har digiri 37 ƙasa da sifili, aka fitar da iska. Yanzu allura na tsakiya, yatsuna sun dawo nawa.

Tun da aka cire tallafin mai a 2023 ka san yadda direbobinmu na gida ke ƙirga lita. Don Allah ka tausaya musu, ka daina zare musu abin nan, wanda ya lalace ka sa sabo. Ka gaida Inna, ka ce mata saƙonta na tafe ƙarshen wata. Kuɗin shara kuma kada ka sa rai sai na ji ka tuba.

Naka,
Taubashinka na Winifeg