Madalla da Baƙinmu na Shekara Huɗu-Huɗu

Duk wanda ya ce an manta da talakan Kafin Hausa bai yi adalci ba. Ina mantuwa, alhali ba a taɓa cika shekara huɗu ba a aiko mana da saƙo ba? A wasu ƙasashe sai mutum ya mallaki adireshi da akwatin gidan waya kafin baƙo ya aiko masa da kaya. Mu an hutar da mu. Ko gidanka ba shi da lamba, ko ruwa ya cinye hanyar ƙauyenku, muddin kana da katin zaɓe saƙonka zai iske ka har zaure. Mai aikowa bai san sunanka ba, kai ma ba ka san shi ba sai fuskarsa a fasta, amma ga taliya, ga sabulu, ga magi, ga turmin atamfa idan uwargida ta taki sa'a. Irin wannan zumunci na wanda bai san ka ba, ai ya cancanci a tsaya a yaba masa.

A fara yaba masa da sanin lokaci. Baƙonmu mutum ne mai kara, ba ya damun jama'a da yawan zuwa. Ranar da matarka ke naƙuda tsakar dare kuna neman motar da za ta kai ta Haɗeja, ba zai takura maka da sallama ba. Ranar da taki ya gagare ka, ko ɗanka ya gama sakandare ya rasa kuɗin jarrabawa, wayarsa a kashe take, don kada ya shiga sirrin gidanka. Daminar 2022 ta zo wa Jigawa da ambaliyar da ta ci rayuka, gidaje suka rushe a Bulangu, iyalai suka koma kwana a azuzuwan makaranta, aka yi ta cewa hanyoyi ba sa shiguwa. Ikon Allah, ana gab da zaɓen 25 ga Fabrairu 2023 sai duk hanyoyi suka shigu. Motoci masu baƙin gilashi suka gano lungunan da ko mai tallan gishiri ba ya kaiwa. Ƙarancin takardun naira da ya hana talaka sayen awo a lokacin bai hana alheri gudana ba, nan da nan aka koma ga kayan abinci, da atamfa, da turo kuɗi ta waya. Wanda ya iya warware irin wannan matsala cikin mako biyu, wa zai ce ba shi da basira?

Sai kuma fasahar zaɓen kyauta, wadda wasu jihohi suka kai ta ƙololuwa. A Binuwai, cikin 2017, aka ga baro-baro jere an rubuta sunan gwamna a jikinsu, don kada mai turawa ya manta wanda zai gode wa yana gumi. A shekarar dai gwamnatin Kano ta sanar da kashe naira miliyan 208 wajen tallafa wa masu shayi, aka raba kayan haɗin da in ciniki ya yi kyau ba za su kai wata ba. A 2020 wani mataimakin gwamnan Kano kan harkar matasa, Murtala Gwarmai, ya raba jakuna, a zamanin da matasan wasu ƙasashe ke sayar wa duniya aikin kwamfuta daga ɗakunansu. A 2024 kuwa Sanata Rufa'i Hanga na Kano ta Tsakiya ya raba likkafani da tukwanen rufe kabari, ya ce sadaka ce saboda buƙatar maƙabartu. Nan ne hangen nesa ya cika. Wanda bai samu gado a asibiti ba, ya samu likkafani. Wanda maganin zazzaɓi ya gagara, tukunyarsa tana jiransa. An tanadar wa talaka komai, sai dai abin da zai sa ya daɗe a duniya.

Wanda bai taɓa halartar bikin rabo ba, ya yi asarar kallo. Filin makarantar firamare ake zaɓa, saboda yara ba sa rasa komai idan an tashe su kwana ɗaya. Tun hantsi mata ke layi, goyo a baya, katin zaɓe a ƙulle a bakin zane. An kafa rumfa da kujerun roba don manya, su kuwa masu karɓa rana ta ishe su. Makaɗa na kiɗa, maroƙi na kirari, 'yan jagaliya na riƙe da sanduna suna gyara layi. Sai bayan la'asar jiniya za ta tashi, honorabul ya sauko, a yi jawabai. Sannan a jawo wata tsohuwa daga gaban layi a ɗora mata bokiti mai hotonsa, a ciki taliya biyu, sabulu sanda ɗaya da ƙullin magi. Mai hoto ya durƙusa yana cewa, "Inna, ɗaga shi sama kaɗan, hoton mai gida ya fito. Yi murmushi mana, Inna." Ita kuma ta ce, "Ranka ya daɗe, Allah ya maimaita." Mai hoton gwani ne, ya san yadda zai karkata don ajin da ba shi da rufi ya fita daga hoton. Kafin magariba Inna ta shiga Facebook, gobe da safe sojojin baka suna rediyo suna lissafa ta cikin dubban da aka fitar daga talauci. Rabin layin kuwa sun koma gida hannu rabbana, bayan sun biya kuɗin babur zuwa da dawowa.

Mutanen Amurka ba su da irin tarbiyyarmu ta karɓar kyauta. A watan Yuli na 2020 sai ga ƙananan ƙunshi suna isa gidajen mutane ta gidan waya, a dukkan jihohin ƙasar 50, ɗauke da tambarin aikowa daga Sin. A jikin wasu an rubuta kayan ado ne, amma da an buɗe sai a tarar da irin shuka. Waɗanda aka aika wa suka ce ba su saya ba, ba su roƙa ba. Maimakon su yi godiya, sai suka tayar da hankali. Ma'aikatar noma ta ƙasar ta ce kada kowa ya shuka, a miƙa wa hukuma a bincika. Da aka duba, sai aka tarar a cikinsu akwai irin kabeji da na'ana'a da furanni. Bayanin da hukumomi suka fi karkata gare shi shi ne dabara ce ta masu sayar da kaya a intanet: a aika wa mutum abu maras tsada, a rubuta cewa ya yi ciniki, sannan a yi amfani da sunansa a yabi shagon don a jawo masu saye. Ashe sunan mutum ake nema, irin shukar kuɗin hayar sunan ne. Su da ba su san kunya ba, tambaya ɗaya suka yi: me wannan baƙo yake so a wurina? Mu kuwa, Allah ya yi mana kawaici, ba ma yi wa mai alheri irin wannan tambaya, ko da kakanninmu sun riga sun faɗa mana cewa banza ba ta kai zomo kasuwa.

A yaba wa baƙonmu da iya ciniki. Taliya biyu tukunyar dare ɗaya ce a gidan mai iyali, kujerar da aka saya da ita kuwa ta kwana 1,461 ce. Ko a kasuwar Maigatari ba a taɓa yin ciniki mai riba irin wannan ba. Abin da ya ƙara masa armashi, ba da kuɗinsa ya saya ba. An daɗe ana ware naira biliyan 100 kowace shekara a kasafin tarayya da sunan ayyukan mazaɓu. A watan Nuwamba na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari da bakinsa ya ce an ware kusan naira tiriliyan ɗaya cikin shekara goma saboda waɗannan ayyuka, amma da ƙyar ake ganin tasirinsu a wurin talaka. Da kuɗin rijiyar burtsatse aka sayo bokitin, shi ya sa ake ba ka bokiti ba a ba ka ruwa ba. Wane gwani ne zai ɗauki rigarka, ya yanko maka aljihunta, ka kuma durƙusa ka gode?

Ga kuma kula da gona. Binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2019 ya nuna kashi 87 cikin 100 na mutanen Jigawa suna ƙarƙashin ma'aunin talauci, jihar tana biye da Sakkwato da Taraba. Wani zai ga abin kuka ne, baƙonmu kuwa ya san wannan ce gonarsa, kuma yana kiyaye ta kada ta lalace. Ranar da magidanci ya iya sayen taliyarsa da kuɗin riɗinsa, ranar kasuwar rabo ta watse. Shi ya sa harkar ke bunƙasa: rahoton da hukumar ta fitar a 2024 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka ya ce kashi 22 cikin 100 na 'yan ƙasa an yi musu tayin kuɗi don ƙuri'arsu a zaɓen 2023, daga kashi 17 a 2019. Ga ci gaba ana gani da ido, sai mai hassada zai musa.

Yabon ya tsaya nan, domin akwai gawawwaki a hanya. A 2024 mutane sun mutu a turmutsutsun rabon kuɗi a Bauci, ɗalibai sun mutu a jami'ar Keffi wajen rabon shinkafa, kuma a watan Disamba yara 35 suka rasu a Ibadan a wurin wani taron rabo. Ba duka 'yan siyasa suka shirya waɗannan ba, amma yunwar da ta tura mutane layin, mulki ne ya haife ta, kuma layin ne aka koya mana a matsayin hanyar samu. Ƙasar da uwa za ta saka goyonta cikin turereniya saboda mudun shinkafa, ba ta da dalilin kaɗa ganga ranar rabo.

Mun san kyauta tun kafin a kawo mana siyasa. Kwanon tuwon da ke tsallaka katanga da magariba kyauta ce. Damin geron da manomi ke aika wa gwauruwa bayan girbi, ba mai hoto, ba maroƙi, kyauta ce. Malamanmu kullum suna karantar da cewa gori da riya suna ɓata sadaka. Abin da aka liƙa wa hoto, aka kirga shi a rediyo, aka kuma tambayi lambar rumfar zaɓenka kafin a miƙa maka, sunansa sayen ƙuri'a, kuma sashe na 121 na Dokar Zaɓe ta 2022 ya mai da shi laifi a kan mai bayarwa da mai karɓa.

Ba na zargin Inna da bokitinta, mai jin yunwa ba a yi masa wa'azin ƙoshi. Zargina yana kan wanda ya mai da yunwarta jari, da mu masu ɗan hali da ke tsara masa layi, mu rubuta masa sunaye, mu karɓi kasonmu ta bayan fage. Kafin Hausa gari ne mai jami'a tun 2013, gari ne da ya haifi gwamnan da aka rantsar a Dutse a 2023. Bai dace a ce farashinsa bokiti ba ne.

Jama'ar Kafin Hausa da Bulangu, da sauran 'yan uwa a faɗin Jigawa, baƙin nan za su dawo, lokacinsu ba ya kuskure. Idan sun zo, a shimfiɗa musu tabarma, a ba su ruwa, sannan dattawa da matasa da mata su tambaye su a bainar jama'a: nawa aka ware wa mazaɓar nan, me aka yi da shi, ina yake mu je mu gani? Wanda ya nuna aiki a saka masa da ƙuri'a. Wanda ya nuna taliya a sallame shi, ba ya bin kowa bashin komai, domin kuɗinku ne ya dawo muku da ragowarsa.