Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Yallaɓai Tikitin Caca, Sarkin Dillalan Bodija

Daga rumfar wake,
Kasuwar Bodija, Badun.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Na ma san lafiyarka ƙalau, don tun da ka sauka garin nan ba a taɓa jin ko mura ta kama ka ba, masu yankarka ne dai suke ramewa. Ni dillalin wake ne, kwanana a Sabo, wunina a Bodija. Na rubuto ne da farko don in yi maka mubaya'a, domin mai sana'a ba ya ƙyashin wanda ya fi shi. Daga layin 'yan albasa har layin 'yan katako, babu dillalin da ya kama ƙafarka.

Bari in tuna maka garin da ka shigo. An buɗe wannan kasuwa a 1987, amma unguwarmu Sabo tun 1916 aka yanka mana ita a gefen Mokola, kuma goro da shanu ne suka gina ta. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna cikinmu a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafi a kanmu a 1969. Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne yadda falke zai kawo shanu daga Arewa, ya sauka gidan maigida, dillali ya sayar wa mahautan Yarabawa bashi, ba takarda ba sa hannu, in mahauci ya sulale maigida ya biya daga aljihunsa. Jarinmu ke nan, amana. Kowane baƙo yana da wanda zai tsaya masa. Kai ne kaɗai ka juya lissafin: kana karɓar kuɗi hannu, kana ba da alkawari bashi, in kaya sun salwanta kuma babu wanda ake kamawa.

Asalinka ba ɓoyayye ba ne. Kakanninka wuri ne da karta, waɗanda ake bugawa a bayan gari ana waige-waige. Ubanka takardar cacar ƙwallon Ingila ce ta ranar Asabar. A 2001 Kessington Adebutu ya kafa Premier Lotto, wanda kowa ya fi sani da Baba Ijebu, ka samu rumfa a kowace kusurwa. A 2009 ɗan garin nan, Akin Alabi, ya buɗe NairaBET ka hau intanet, a 2013 Bet9ja ta biyo baya. Yau kuwa ka bar shago ka tare a cikin waya, kana kwana ƙarƙashin matashin kan mutum. Gwamna ma yana da lokacin tashi daga ofis, kai ba ka da shi.

To mu zo kan la'ada, inda nan ne na sara maka. Mu ɗauki abin da yaranmu ke kira tu-shuwa. Lambobi 90 ne, a zaro 5, mutum ya zaɓi 2 yana fatan duka su fito. Lissafi ya nuna sau ɗaya ke nan a cikin kusan 400. In ya dace, ninki 240 ake biyansa. A ce 'yan dako 400 kowa ya zuba naira 100, an tara 40,000. Mutum ɗaya ya tashi da 24,000, kai ka tashi da 16,000. Kashi 40 cikin 100, ranka ya daɗe! Ni da zan yanki ko kashi 10 a buhun wake, da kafin azahar an kai ni gaban shugaban kasuwa, kafin la'asar sunana ya isa kasuwar Dawanau ta Kano.

A cacar ƙwallo ka fi nuna gwaninta. A ce naira 5 kacal kake tsakura cikin kowace 100 a wasa guda. Sai ka rinjayi yaro ya jera wasa 10 a takarda ɗaya don kuɗin su yi kauri, tsakurar nan ta hau kan tsakura har ta kai kusan naira 40. In kowane wasa rabi da rabi ne, takarda ɗaya ce za ta tsira a cikin 1,024. In ya jera 20, ɗaya ce a cikin fiye da miliyan. Amma abin da ya fi burge ni shi ne wannan: a takardar wasa 10, duk mutum ɗaya da ya ci, akwai mutum 10 da wasa ɗaya tak ya yanke musu. Su ne 'yan tallarka, kuma ba ka biyan su ko sisi. Je ka teburin mai shayi a Sabo ranar Lahadi da dare ka ji: "Wallahi wasa ɗaya ne ya yanke mini." Babu mai cewa ya yi asara, kowa saura ƙiris ne. A 2009 masu bincike a Jami'ar Kambirij ta Ingila sun leƙa ƙwaƙwalwar masu caca da na'ura, suka ga wannan saura ƙiris yana motsa wasu sassan da cin kansa ke motsawa, ya ƙara wa mutum ƙwarin komawa. Kai ka san haka tun kafin su sayi na'urar.

Da ka ga jiran Asabar yana ba mutane damar tunani, sai ka haifo bebi, ƙwallon da kwamfuta ke bugawa da kanta, a fara a gama cikin 'yan mintuna. Ba ɗan wasa, ba alƙali, ba ruwan sama. Duk da haka za ka ga ƙato ya dafa bango yana nazarin wace ƙungiya ce ke kan ganiyarta.

Na ce ni dillali ne, ban taɓa yankarka ba, amma na sha biyan kuɗinka. Yaro ne za a ba kuɗin buhu goma ya kai wa mai kaya, ya ce bari ya ɗan juya su kafin magariba. Ɗan baro ne zai wuni yana turi daga bakin tirela zuwa bakin titi, kuɗin da matarsa ke jira a ƙauye su ƙare a wurinka kafin ya wanke ƙafa. Daga nan sai a shiga mataki na biyu, wanda ka fi so: "Uwar kuɗina kawai zan mayar in daina." Don mayar da 5,000 a zuba 20,000, don mayar da 20,000 a ci kwasar adashen mutane. Sai a faɗa hannun abokan cinikinka, manhajojin bashi, waɗanda wasunsu in an yi jinkiri suke aika saƙo ga duk lambar da ke wayar mutum, har da ta surukinsa da ta limamin unguwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 1.2 cikin 100 na manyan mutanen duniya suna fama da cutar caca, kuma kowane mai caca da ya yi nisa yana jan wasu mutum 6 cikin wahalarsa. Ni ina cikin shidan nan, kuma a madadinsu nake magana.

Ka lura na ce cuta. A 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta ɗauke ka ta ajiye a layi ɗaya da giya da ƙwaya, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa ka cikin kundinta na cututtuka da ya fara aiki a 2022. Mu wannan haɗin bai ba mu mamaki ba, don aya ta 90 da ta 91 a Suratul Ma'ida sun riga sun haɗa ka da giya, sun kuma ambaci gaba da ƙiyayya da shagala daga salla. Kuma kada ka ce talauci ne ko rashin sanin ƙwallo. A 2023 an dakatar da 'yan ƙwallo biyu, Ivan Toney wata 8, Sandro Tonali wata 10, dukansu saboda kai. Mutanen da ke cikin fili suna buga ƙwallon da ƙafarsu ba su tsira ba, balle mai kallo daga bencin gidan kallo a Sabo. Ƙungiyoyin Firimiya da kansu sun amince a 2023 za su cire tallanka daga ƙirjin rigunansu bayan kakar 2025 zuwa 2026.

Na daɗe ina neman wanda ya tsaya maka a unguwar nan, sai kwanan nan na gano shi. Kunya ce maigidanka. Babu ɗan Sabo da bai san kai haram ne ba, har da mai riƙe da kai a aljihu cikin sahun salla. Sanin nan ne ke sa ya ɓoye, ɓoyewar ce ke ba ka wata shida kana ci ba mai ji. Ranar da asiri ya tonu kuma sai mu taru mu taimake ka: a zage shi, a kira shi ɗan caca ɓarawo, a kore shi daga rumfa. Wanda aka kora ina zai nufa? Wurinka, don kai kaɗai ne ba ka korar kowa. A Kano, Hisba ta rufe shagunanka a watan Oktoba na 2024, amma kwaɗo ba ya kulle waya. Ranar 22 ga Nuwamba na shekarar, Kotun Ƙoli ta yanke cewa dokar caca ta tarayya ta 2005 ba ta hau kan jihohi ba, wato linzaminka a nan yana hannun gwamnatin Oyo da hukumarta ta caca. Muna roƙonsu su duba abin da Ingila ta yi da GamStop, inda mutum ke rubuta sunansa sau ɗaya a rufe masa duk shafukan caca masu lasisi na wata 6, ko shekara 1, ko 5. Kafin su duba, ga abin da muka yanke a majalisarmu.

Na farko, mun sallami maigidanka. Duk yaron da ya zo da bakinsa ya ce kai ne ka kama shi, ba za a kai shi bakin kasuwa ba. Za a zaunar da shi a ba shi ruwa, a ji nawa ne, tun yaushe, wa da wa ake bi.

Na biyu, kuɗi za su bar hannunsa. Katin banki ya koma wurin yayansa ko matarsa ko maigidansa, cinikin yini ya tafi wurin mai adashe kafin ya shiga aljihu, a bar masa na abinci da na mota. Ya rufe asusunsa na caca a gaban shaida, ya goge manhaja, in ta kama ya koma ƙaramar waya mai tocila na wani lokaci. Babu wulaƙanci a cikin wannan, ai mai ciwon suga ma ba a ajiye masa zuma a ɗaki.

Na uku, bashi za a rubuta shi duka a littafi, a je wurin masu shi a nemi sassauci, ya riƙa biya kaɗan-kaɗan da guminsa. Ba za mu haɗa kuɗi mu share masa rana ɗaya ba, don mun gane duk bashin da aka share a ɓoye, sabon jari aka ba ka.

Na huɗu, ba zai zauna shi kaɗai ba. A 1957 wasu masu caca a birnin Los Anjalis na Amurka suka fara haɗuwa suna faɗa wa juna gaskiya, abin ya zama Gamblers Anonymous, ya bazu ƙasashe da dama. Mu ba sai an koya mana zama ba, muna da tabarma, muna da zaure, muna da bayan isha'i. Waɗanda suka rabu da kai su ne za su ja zaman, don su ne suka san ƙaryar da ake yi wa kai da ƙarfe biyun dare. Ranar wasa kuma a tafi kallo tare, ko a taka zuwa filin Lekan Salami da ke Adamasingba, nan kusa da mu, a ga Shooting Stars da ido, aljihu ba takarda.

Na biyar, asibiti. Babban asibitin koyarwa na UCH yana nan tsakanin Sabo da Bodija, yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. Akwai asibitin Aro a Abekuta. Wanda ya koma gida akwai na Dawanau a Kano, da na Barnawa a Kaduna, da na Kware a Sakkwato. Akwai kuma ƙungiyar Gamble Alert da ke ba masu fama da caca shawara a ƙasar nan. Zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa ba hauka ba ne. Wanda kuwa aka ji yana cewa ya gaji da duniya, ko gara ya huta kowa ya huta, ba za a jira gari ya waye ba, kuma ba za a bar shi shi kaɗai ba, a daren za a kai shi.

Na shida, mun san za ka dawo. Za ka aiko da saƙon bonas ranar da aka biya shi, za ka turo masu sayar da tabbataccen wasa, waɗanda da suna da tabbas da ba su tsaya neman dubu biyunsa ba. Wani zai zame ya sake yankarka. In ya zame, ya faɗa a ranar, a ɗora daga inda aka tsaya. Ba za mu ba ka shi kyauta don ya faɗi sau ɗaya ba.

In kana da ja a kan lissafin da na kawo, kada ka amsa ta waya. Ka zo rumfa da kanka, ka zo da littafinka na shiga da fita, mu buɗe shi gaban dattawan kasuwa kamar yadda ake yi wa kowane dillali. Ka faɗi nawa ka karɓa a Bodija bara, nawa ka mayar. In ka yi haka, ni zan biya kuɗin shayin.

Ka huta lafiya, mu ma ka bar mu mu huta.

Naka,
Dillalin wake,
a madadin mutum shida na bayan kowane tikiti.