Waɗanda Suka Cinye Lilon Unguwa

Duk ranar da aka wayi gari lilon unguwa ya koma sanduna biyu tsirara, ba sarƙa ba mazauni, mutum ɗaya ake tsine wa: ɗan gwangwan. Ba a yi masa ƙage ba. Shi idonsa ba ya ganin lilo, kilo yake gani, kuma ya fi sanin farashin ƙarfe a Ƙofar Ruwa ko Panteka a kan shekarun haihuwarsa. Hukuma ma ta san da zamansa: Gwamna Zulum ya haramta jari-bola a Borno a 2023, a farkon 2025 kuma aka rufe kasuwannin panteka na Abuja har mako biyu saboda satar murafun magudanan ruwa. Sai dai in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Ɗan gwangwan angulu ne, ba ya sauka sai mutanen kirki sun gama fiɗa, kuma su waɗannan da rana tsaka suke aikinsu, ana gaishe su.

Na gaba a sahu shi ne mai ƙaddamarwa. Yakan zo da babbar riga da almakashi da maroƙa, ya yanke ƙyalle, ya bar allo mai hotonsa wanda ya fi lilon kansa tsada. Kuɗin gini yana cikin lissafinsa, na gyara babu, don ba a taɓa gayyatar 'yan jarida su ga an shafa wa sarƙa giris ba. Kafin fenti ya bushe sai ga ƙato, mai shekara talatin da gemunsa, ya zauna daram a kan lilon da aka auna da nauyin ɗan firamare, yana latsa waya yana jiran budurwa ta ɗauka. In yara suka matso ya ce su je su yi karatu. Noti ɗaya ya kwance a ƙarƙashinsa, babu mai ɗaurewa, kuma daga notin nan labarin ya fara.

Sai 'yan "kwana ɗaya ne kawai", dangi ne babba. Akwai mai aurar da 'ya, wanda zai kafa rumfuna a tsakiyar fili, ya tafi ya bar ramukan turaku da robobin lemo su yi wa amarya addu'a. Akwai mai koya wa ƙaninsa mota, wanda ya ɗauki ragar ƙwallo a matsayin abin gwada birki. Akwai mai ragunan layya da ke ɗaure hajarsa a jikin sandar raga ana saura mako biyu Babbar Sallah. Raguna su ƙare, dusa da kashi su zauna, baɗi kuma ya dawo yana cewa ai nan wurinsa ne tun da can. Mafi ladabi a cikinsu ita ce Hajiyar da gidanta ke ƙyalli, wadda ke ba almajiri shara da umarni ɗaya: "Kai ta bayan filin can." Bola kuwa ba ta son kaɗaici. A 1982 wasu masana biyu na Amurka, Wilson da Kelling, suka rubuta cewa taga ɗaya da ta fashe aka ƙi gyarawa gayyata ce ga masu fasa sauran. Bahaushe ya riga su da daɗewa, shi da ya ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Duk waɗannan ƙananan alhaki ne in an zo kan dillali. Shi ba ya taɓa ko ƙusa, ƙasar yake so. In ya tsaya bakin fili yana murmushi, ba ƙwallon yara ke burge shi ba, shaguna yake ƙirgawa, kuma lalacewar wurin hujja ce a hannunsa: "Ai ya zama matattarar ɓata-gari, gara a raya shi." Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar birni a hannun gwamna, don haka sa hannu ɗaya ya isa ya mai da dandali fuloti. Wanda ke ganin an cika baki ya tuna shagunan da suka tsiro a Filin Idi na Ƙofar Mata a Kano, waɗanda aka rushe a 2023 aka shiga shari'a. In wurin sallah bai tsira ba, ina ga wurin langa?

Za a ce maganin abin katanga ce da mai gadi. To, mun san Baba mai gadi: gora, tocila marar batir, albashin da ya yi wata da watanni yana hanya. Mutumin da ba a biya ba, in mai biki ya miƙa masa na goro, ƙofa buɗewa za ta yi, yara ne kaɗai za su tarar da kwaɗo. Doguwar katanga kuma idon unguwa take tarewa, ta zama sutura ga masu shaye-shaye. Dandalin da aka yi gaɗa da langa a cikinsa shekara aru-aru ba shi da ƙyaure. Dattawa na kan dakali, iyaye mata na jiyo tafi daga cikin gida, kowane yaro an san ɗan wane ne. Magajin wannan ido a yau shi ne mai shayi da mai tsire, waɗanda abincinsu ya rataya a kan wurin ya kasance da haske da jama'a har dare. A ba su gefe a gaban mai unguwa bisa sharaɗin shara da sa ido, a ba ƙungiyar ƙwallon samari sifana da 'yan kuɗin walda. Gaskiya ne teburin yau kan zama shagon gobe, shi ya sa sharaɗin zai zama a rubuce: tebur da benci, ban da bulo ko ɗaya.

Akwai kuma mai cewa ana ta kai wa ke ta kaya, unguwar da ba ruwan famfo ina ta ga lilo. Maganar tana da nauyi, amma ɗan mai kuɗi yana da farfajiya a gidansu. Yaron da aka ƙwace wa fili a kan kwalta zai buga ƙwallonsa, tsakanin Adaidaita Sahu da kwata. Mai wannan magana sau da yawa shi ne mai tsaki, wanda ke wucewa ta bakin filin kowace yamma, ya girgiza kai, ya ce ƙasar nan ta lalace, ya ƙarasa gida ya zauna a zaure a kan wani ɗan benci mai jan fenti, mai huda biyu a kowane gefe, daidai inda sarƙa take shiga.