Shawara ga Mai Son Girke Tsohon Akwatin Gidan Waya a Ƙofar Gida

A Ingila akwai masu sha'awar sayen tsohon akwatin gidan waya, jan nan na ƙarfe mai tambarin sarauta, su girke shi a ƙofar gida ko su gina shi cikin katanga don ado. Duk wanda ya taɓa manna kan sarki, ya jefa wasiƙa a irin wannan akwati, ya yi makonni yana zuba ido, ya san sauran labarin. Shawarwarin nan na mai akwatin ne.

Ta farko, toshe masa baki. A sa ƙarfe a ɗaure da kusa, ko a kai wa mai walda. Takardar da aka manna da salatif ruwan dare ɗaya ya ishe ta.

Ta biyu, sauya masa fenti, kuma a nan ake ta da jijiyar wuya. An fara kafa akwatunan nan a tsibirin Jersey a 1852 bisa shawarar Anthony Trollope, marubucin da ke aiki da gidan waya a lokacin. An daɗe ana shafa musu kore, jama'a suka yi ta kukan ba sa hango su, shi ya sa daga 1874 aka shiga mayar da su ja. Shekara 150 ke nan ana koya wa mutane cewa ja wur a bakin hanya yana nufin za a zo a kwashe, kuma akwatuna wajen 115,000 na maimaita musu darasin kullum. Kai kuma ka ari wannan launi don ya dace da furannin ƙofarka, sannan kana mamakin ganin ambulan a ciki! Ita kanta Royal Mail, mai kula da aika wasiƙu a ƙasar, in ta daina amfani da akwati a inda yake, takan rufe bakin, sau da yawa ta shafa masa baƙi.

Za ka ce gidanka ne, kuɗinka ne. Haka ne, amma bakin akwatin titi yake kallo, masu wucewa yake kira. Dokar harkokin gidan waya ta 2000 ma ta hana ajiye alamar da za ta sa jama'a su ɗauka akwatin na gidan waya ne alhali ba shi ba ne. Za ka ce ai su duba ko akwai allon lokacin kwasa. Wa ke dubawa? A watan Disamba ƙarfe huɗu na yamma duhu ya yi, ana yayyafi, tsohuwa ta dogaro sandarta da katunan Kirsimeti a hannu. Ja ta hango, ja ta nufa. A cikin abin da ake jefawa akwai takardar asibiti, akwai amsar sammaci, akwai ƙuri'ar zaɓe da ake aikawa ta gidan waya, duk masu wa'adi ne. Can ƙasan akwatin kuwa danshi na jiƙa su, dodon koɗi na cin ambulan har da adireshin. Wannan zalunci ne, ko da ba da niyya aka yi shi ba.

Akwai ta uku da ta huɗu, kan mayar da shi bayan shinge da juya fuskarsa cikin gida, amma wanda ya ƙi toshe baki ba zai ɗaga ƙarfe mai nauyin nan ba. Aƙalla dai nemo makullin yau ɗin nan. Abin da ka tarar kada ka buɗe ko ɗaya, buɗe wasiƙar wani laifi ne. Share musu laima, ka taka zuwa akwatin gaske kafin a zo kwasar yamma.