Yadda Ake Riƙon Injin Yankan Itace Ba Tare da Rasa Ƙafa Ko Maƙwabci Ba

Da zarar iskar farkon damina ta ratsa Gusau, ta kwantar da dogonyaro a kan katangar wani, ta jingina wani a kan wayar wuta, wanda ake nema ruwa a jallo a Tudun Wada shi ne mai injin yankan itace. Ranar nan ko wanda bai taɓa gaishe shi ba sai ya kira shi Alhaji. Idan kana sha'awar wannan sarauta, gyara zama.

A wajen saye za ka ji manyan sunaye biyu: Stihl na Jamus, kamfanin da Andreas Stihl ya kafa a 1926, da Husqvarna na Suwidin. Sai kuma talakawansu 'yan ƙasar Sin masu lamba 5200 da 5800, waɗanda wasunsu kan ari launin manya har da sunan. Mai shago zai daki ƙirji ya ce, "Wanga ɗan Jamus ne, ranka ya daɗe." Ka amsa masa da fara'a, sannan ka tambayi kuɗin. Idan farashin bai sa ka salati ba, injin bai taɓa ganin Jamus ba. Ɗan Sin ba abin kunya ba ne in dai ka san shi ka saya, kuma kafin ka biya ka leƙa wurin mai gyaran janareto na unguwa ka ji ko ana samun kayan gyaransa a gari ko sai an aika Kano.

Kada girman kai ya kai ka ga Stihl 070. Injinsa ya kai cc 106, wato ya ɗan ɗara na Boxer ɗin da ɗan kabu-kabu ke goya mutum biyu da buhun masara a kai. Masu tsaga katako a dazukan kudu ne abokansa. Kai da ke son rage wa mangwaron tsakar gida reshe, ƙugunka zai riga reshen karyewa. In kuwa na hannu za ka saya, kama igiyar tayarwa ka ɗaga injin da ita. Mai lafiya yakan sauko a hankali, yana tirjewa. Wanda ya zurare ƙasa sululu, fistin ɗinsa ya gama aiki, komai rantsuwar mai shi.

Sai abinci. Wannan inji ba ya da wurin zuba baƙin mai daban, don haka man da ke sanyaya masa ciki a cikin fetur ake gauraya shi. Stihl ya ce kashi 50 na fetur, kashi 1 na man 2T, wato mililita 20 a kowace lita. Yawancin 'yan Sin 25 da 1 suke so, mililita 40 ke nan. Duba takardar injinka, ka sayi sirinji a kemis. Na san a garin nan akwai ma'aunin da ya fi sirinji farin jini, shi ne "zuba kaɗan, ƙara kaɗan, ya isa". Da shi ake cinikin manja, kuma da shi bakanikai ke aurar da 'ya'yansu. In man ya yi kaɗan injin ya buga, in ya yi yawa ka turnuƙe layi da hayaƙi har a fito da bokitai. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 kowa ke lallaɓa ɗan abin da ya rage a jarka, amma gaurayen da ya haura wata guda ya tashi daga aiki. Na 'yan bumburutu kuwa, shinshina tukuna, don wani lokacin kananzir kan yi musu rakiya.

Akwai tanki na biyu, na man sarƙa. Maƙwabcinka mai gyaran babur zai ba ka ƙonannen baƙin mai kyauta, da zuciya ɗaya. Yi godiya ka shafa wa ƙyauren gida saboda gara. Garin ƙarfen da ke cikin ƙonannen man shi ke cinye famfon mai da takobin injin, wato dogon ƙarfen da sarƙar ke zagayawa. In kana son sanin ko mai na fita, nufi kwali da bakin takobin daga ɗan nesa ka ba shi wuta. Za ka ga siririn layin mai ya fesu.

Yanzu ga inda ake bambance mai inji da mai riƙe da inji: wasa sarƙa. Dubi abin da ke zubowa ƙasa. Sarƙa mai kaifi ɓarzajjen itace take watsowa, manya-manya, tana shiga da kanta. Dakusasshiya gari take fitarwa mai laushi, kai kuma kana dannawa kana gumi kana zagin Sinawa. Magagari mai zagaye ake sa wa, daidai girman haƙoran, a karkace wajen digiri 30, a tura daga ciki zuwa waje, kowane haƙori adadin gugar ɗan'uwansa. Wanda ya fifita haƙoran dama a kan na hagu zai ga yankansa na lanƙwashewa, ya ce aljanun bishiyar ne. Ƙirya, wadda ake sassaƙa turmi da ita, takan ci kaifi da sauri, amma ba ta kai ƙasa mugunta ba: taɓa yashi na daƙiƙa ɗaya ya ishe ka komawa kan magagari. Dogonyaron cikin gari kuma yana da tarihi a cikinsa. Mai shayi ya kafa masa ƙusa ya rataye rediyo, 'yan siyasa sun kafa tasu sun rataye hoton ɗan takara, zaɓe bayan zaɓe, ɓawo ya rufe komai. Ɗan takarar ya manta da unguwar, ƙusarsa na nan tana jiran sarƙarka.

In ka ɗaura sarƙa, ka ga inji na kuka, hayaƙi na tashi, itace bai ko ƙwarzanu ba, kashe shi ka kori yaran da ke kallo. A baibai ka sa ta. Haƙoran da ke saman takobi gaba suke fuskanta.

Ranar da ya ƙi tashi, majalisa za ta taru, kowa da fatawarsa. Kafin ka saurare su duba makunni, don sau da yawa a kashe yake. In ka yi ta jan igiya da cok a rufe, ya sha mai ya ƙoshi: kwance fulogi, goge shi, ja igiyar babu fulogin har silinda ta bushe, mayar, buɗe cok. In yana tashi yana mutuwa, buɗe matatar iska, musamman da hunturu, lokacin da ƙura ke shiga har cikin tukunyar miya. Ƙananan sukurori biyu na kabureta masu alamar L da H kuwa, ɗauke su kamar kayan marayu. Ɗan murɗa H fiye da kima sai injin ya yi wata zazzaƙar murya mai daɗin ji, ta ban kwana ce.

Batun sutura: babbar riga da silifa na ɗaurin aure ne. Sa takalmi mai rufi, wando mai kauri, tabarau da abin toshe kunne, ka riƙe da hannu biyu. Kada saman bakin takobi ya taɓa komai, don nan ne injin ke yin tutsu ya dawo wa fuska. Zarto mai sarƙa tun asali likitoci biyu na Sikotland, John Aitken da James Jeffray, suka ƙirƙiro shi a shekarun 1780 don yanka ƙashin mutum, kuma har yau bai manta sana'ar kakansa ba. Ma'aikatan Asibitin Yariman Bakura na da aikin da ya ishe su.

Kafin ka kayar da bishiya nemi izinin malamin daji, ka kuma tabbatar ɗorawar ko kaɗanyar da ke gonar ba ta magada goma sha ba ce. In wani ya kwaɗaita maka itacen banza a dazukan bayan Tsafe ko Bunguɗu, tuna cewa kukan injin nan na tafiya nesa, kuma ba duk mazauna dajin kake son su san inda kake ba.

Saura babbar cutar inji, wadda babu ita a takardar kamfani: aro. Mai aron zai zo bayan Magariba ya yi doguwar gaisuwa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce, "Maƙwabci, reshe guda ne tal." Zai zuba fetur zalla, ya tono saiwa da shi, ya aiko yaro da shi a buhu tare da saƙon cewa dama can ba shi da lafiya. Hana shi kai tsaye kuwa, sai a kai ka gaba har wurin suna. Dabarar ita ce ka ce injin ba ya yarda da hannun kowa sai naka, ka saɓa shi ka bi shi, ka yanke reshen, ka karɓi kuɗin mai. In ya dage sai shi da kansa, miƙa masa da murmushi har da addu'a, fulogin na aljihunka. Sai dai ka bincika tukuna ko yana da janareto a gida, don na san wanda aka yi wa wannan dabara ya kwance na janaretonsa ya gwada.